Adashi, haɗakar sari, ƙungiyar gama-kai ko haɗin jari: wanne ya dace da mai ƙaramin shago?

Bayan sallar isha'i ƙanena ya same ni a ƙofar gida da maganar da ta hana shi sukuni. Shagon kayan masarufi gare shi a cikin unguwa, irin wanda ake samun sukari, madara, taliya, omo da man gyaɗa na awo. Cikin wata guda an yi masa tayi huɗu. Masu shagunan layinsu sun buɗe adashi, suna neman cikon mutum na goma. Uku daga cikinsu kuma sun ce a riƙa haɗa kuɗi ana zuwa kasuwar Singa ta Kano sari tare. Wani malamin makaranta yana tattara sunaye, za a yi wa ƙungiyar gama-kai rajista. Ga kuma abokinsa tun na ƙuruciya da ya ce su haɗa jari su kama babban shago a bakin titi.

"Yaya, wanne zan shiga?"

Na ce ya fara faɗa mini abin da ya rasa. Ya ce kuɗi. Na ce ai ko Alhajin da ke sauke tirela haka zai ce maka. Rashin kuɗin mai shago iri-iri ne. Wani ciniki yake yi sosai amma kuɗin ba ya zama a hannunsa, cefane da biki da "taimaka mini" suna cinye shi. Wani yana iya tari, sai dai da tsada yake saro kaya, don haka ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Wani kuma yana so ya girma amma babu bankin da ya san da zamansa. Akwai wanda jarin ma yana da shi, hannun da zai taya shi ne babu. Waɗannan tayi huɗu kowanne maganin cuta ɗaya ne daga ciki, kuma yawancin rigimar da nake gani a kasuwa daga shan maganin da ba na cutarka ba take tasowa.

Zaman kaɗaici dai ya ƙara tsada, wannan babu musu. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Mai shagon da ke tafiya kasuwa shi kaɗai, ya biya mota shi kaɗai, ya sayi katan biyar a farashin katan biyar, shi ya fi kowa jin wannan a jikinsa.

Adashi

Adashi ba ya haifar da ko kwabo. Abin da ka zuba shi za ka ɗauka. Amfaninsa shi ne yana ƙwace kuɗin daga hannunka kafin ka kashe, ya dawo maka da shi a dunƙule. Kunyar a ce wane ya kasa zubi ta fi duk wata niyyar tari da mutum zai ƙulla shi kaɗai a ɗaki. Ga wanda kuɗi ba ya kwana a aljihunsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma babu takarda, babu ruwa, babu zaman taro.

Sai dai akwai lissafin da mutane ba sa son yi. Mu ɗauka ku goma ne, kowa na zuba naira 50,000 a wata, ɗauka 500,000. Wanda ya ɗauka a watan farko bashi aka ba shi na wata tara ba tare da ƙarin komai ba. Wanda ya ɗauka a ƙarshe shi ya ba kowa rance. A shekarar da farashi ke tashi kamar 2024, dubu ɗari biyar ɗin da zai karɓa bayan wata tara kusan kayan dubu ɗari huɗu na farkon zagaye za ta saya masa. Ga ma'aikacin da ke tara kuɗin kayan ɗakin 'yarsa, wannan abin haƙuri ne. Ga ɗan kasuwar da kowace naira ke juyawa sau biyu ko uku a wata, cire 50,000 daga cikin kaya a ajiye ta a hannun wasu asara ce mai zuwa a ɓoye. Shi ya sa nake cewa ɗan kasuwa ya tambayi lokacin ɗaukarsa kafin ya tambayi yawan zubi. In za ka iya, ka nemi ɗaukarka ta faɗo daf da lokacin da kayanka ke tafiya: mai sukari da madara kafin azumi, tela da mai yadi kafin sallah, mai littattafai kafin komawa makaranta, mai hatsi a kaka.

Sauran haɗarin kowa ya san shi. Mutum ya ɗauka ya fara ɓuya. Uwar adashi ta taɓa kuɗin da niyyar mayarwa kafin ranar, ranar ta zo babu. Kuɗin banki yana da inshorar hukumar NDIC har zuwa wani adadi in bankin ya rushe, na adashi kuwa inshorarsa mutuncin masu zubi ne kawai. Adashin kullum da ake bi shago-shago ana karɓa ma wani abu ne daban: ajiya ce, kuma a al'ada mai karɓar yana ɗaukar zubin kwana ɗaya a wata a matsayin ladansa, wato kai ke biya don a riƙe maka kuɗinka.

Amma akwai ribar adashi da ba a lissafa ta da naira. Wata goma kana kallon mutum tara. Za ka san wanda ke kawo nasa tun kafin a tambaya, da wanda sai an yi masa waya uku, da wanda halinsa ke canzawa da zarar ya ɗauka. Babu wata hanya mai arha irin wannan ta sanin wanda za ka iya haɗa babbar harka da shi nan gaba.

Haɗakar sari

Wannan ita na fi so, kuma ita ce mafi tsufa a wurinmu. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro, har kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yau, ba jari ɗaya suke haɗawa ba. Kowa da jakunansa, kowa da kanwarsa ko tufafinsa, kowa da ribarsa. Abin da suke haɗawa shi ne hanya. Ayari ɗaya, madugu ɗaya da zai yi magana da sarakunan garuruwa kan kuɗin wucewa, zango ɗaya, tsaro ɗaya. In aka dawo gida kowa ya kama gabansa. An haɗu a inda haɗuwa ke rage wahala, an rabu a inda haɗuwa ke kawo faɗa.

Haka haɗakar sari take. Babban dila a Singa ko Kantin Kwari ko Dawanau ba farashi ɗaya yake ba mai katan biyar da mai katan hamsin ba, ba kuma ido ɗaya yake kallonsu da shi ba. Ku huɗu in kuka haɗa kuɗi kun zama mutum ɗaya mai nauyi. Kuɗin a-kori-kurar da za ta kawo kaya unguwa, maimakon ya hau kan mutum ɗaya, ya kasu huɗu. Akwai kuma ribar da ba a cika lura da ita ba: mutum ɗaya ne ya tafi kasuwa, shago uku suna buɗe. Wanda ya taɓa rufe shago daga hantsi zuwa la'asar saboda sari ya san yawan cinikin da ke wucewa zuwa maƙwabci. In kuka daɗe da dila ɗaya, wata rana shi zai kira ku ya ce gobe kaya za su tashi, ku zo yau. Irin wannan kira ɗaya kan fi ribar mako.

Kyawunta shi ne kuɗinka ba ya kwana a hannun kowa. Da safe aka haɗa, da yamma kaya suka iso, kowa ya ɗauki nasa. Ranar da ba ka gamsu ba ka janye, babu abin rabawa, babu zuwa gaban mai unguwa.

Inda take ɓaci ma a fili yake. Wanda aka aika ya ɗora naira ɗari biyu a kan kowane katan ya yi shiru. Ni kaina na taɓa zama cikin irin wannan, sai da muka yi kusan wata huɗu kafin wani yaron dila ya yi suɓul da baka. Maganinta a ɗauki hoton rasit a tura wa kowa ta WhatsApp tun ana cikin kasuwa, a kuma riƙa karɓa-karɓa wajen zuwa. In kuma mutum ɗaya ne ya fi iya ciniki, a yanka masa lada a fili, ya fi ya yanka wa kansa a ɓoye. Na biyu, kada a yarda da "ku saya mini, in na sayar zan ba ku." Daga ranar da aka fara wannan, haɗaka ta koma bashi. Na uku, a yi magana tun farko kan buhun da ya fashe a hanya da katan ɗin da aka tarar da gibi: na mai shi ne ko na kowa?

Sai babbar matsalar, wadda ba a son faɗa. Waɗanda kuke haɗakar da su su ne kishiyoyinka a layi. Kun saro a farashi ɗaya, gobe ɗaya ya karya naira hamsin don ya janye masu saye. Don haka haɗaka ta fi daɗewa tsakanin masu kaya iri ɗaya da ba layi ɗaya suke ba, ko kuma tsakanin masu sana'o'in da ke ciyar da juna. Dubi harkar biki: mai girki, mai lalle, mai hoto, mai rumfa da kujeru. Babu mai cin kasuwar wani, kuma duk wadda uwar amarya ta fara kira tana iya jawo sauran. Haka tela da mai aikin wuya da mai sayar da shadda. A nan ba kuɗi ake haɗawa ba, masu saye ake miƙa wa juna. Abin kiyayewa biyu ne: a fayyace ko akwai la'ada ko babu, sannan ka tuna duk wanda ka tura wa mutum sunanka ka ɗora a kan aikinsa. In mai hoto ya ɓata, ke da kika kawo shi za a kira.

Ƙungiyar gama-kai

A nan an shiga duniyar takarda. Tsarin ya samo asali ne daga garin Rochdale na Ingila a 1844, inda mutum 28, da dama daga cikinsu masaƙa, suka haɗa kuɗi suka buɗe ɗan shagon fulawa da sukari da man shanu, da ƙa'idar cewa kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan kuɗinsa. A Najeriya an yi dokar farko a 1935, wadda ake aiki da ita a tarayya yanzu kuma ta 1993 ce. Ana bukatar aƙalla mutum goma, ana yin rajista a sashen kula da ƙungiyoyin gama-kai na jiha. Da zarar an yi, ƙungiyar ta zama kamar mutum a idon doka: tana buɗe asusun banki da sunanta, ta mallaki kadara, ta kai ƙara, a kai ta ƙara.

Abin da take ba ka wanda adashi da haɗaka ba za su iya ba shi ne fuska a gaban hukuma. Bankin Masana'antu, hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, duk sun fi sauƙin sauraron mutum talatin masu littafin ajiya na shekara biyu a kan mutum ɗaya da ba shi da abin jingina. Kuma kuɗin ƙungiya yana taruwa, ba ya watsewa duk wata kamar na adashi. Yana iya sayen injin niƙa, ko janareta da layi guda zai sha, ko ya kama sito. Ranar masifa ma a nan ake ganin bambanci. Gobarar kasuwar Sabon Garin Kano ta Maris 2016 ta nuna wa kowa cewa dukiyar shekara ashirin tana iya zama toka kafin asuba, kuma wanda ke da ajiya a wajen shago shi ke da inda zai fara.

To amma ita ce mafi jinkiri, ita ce kuma mafi dogara ga halin shugabanni. Yawanci sai ka yi watanni kana zubi kafin ka cancanci rance, rancen kuma ana auna shi da abin da ka tara. Akwai taro, akwai tara in ka makara, akwai siyasa. Sannan akwai ƙungiyoyin da ba don komai aka kafa su ba sai don an ji gwamnati za ta raba kuɗi. Mun gani bayan an ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Kebbi a Nuwambar 2015: ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, da yawa kuma ba a sake jin ɗuriyarsu ba bayan an raba. Gwajina mai sauƙi ne. Ka tambayi mai tattara sunaye nawa mambobi suka tara daga aljihunsu zuwa yau. In amsar ita ce "muna jiran tallafi," ka riƙe kuɗin fom ɗinka. Ka kuma tambaya hannu nawa ke cire kuɗi a banki, da yaushe aka karanta lissafi a gaban kowa. In shugaba da ma'aji 'yan ɗaki ɗaya ne, ka yi tunani sau biyu.

Maganar ruwa ma a yi ta tun kafin a shiga, don ƙungiyoyi da yawa da shi suke ba da rance. Waɗanda suka kauce masa suna sayen kayan ne da kansu, su sayar wa mamba da riba sananniya, ya biya a hankali.

Akwai wani tsari da ya faɗo tsakanin adashi da gama-kai, kuma a ƙasar Hausa aka haife shi. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara shi da matan karkara a jihar Maraɗi, da sunan Mata Masu Dubara. Mata wajen ashirin zuwa talatin suna haɗuwa duk mako, su zuba a akwatin ƙarfe, su ranta wa junansu daga ciki, in zagaye ya cika a raba. Ana ƙirga kuɗi a gaban kowa, makullan akwatin kuma ba a hannu ɗaya suke ba. Daga Maraɗi tsarin ya bazu ƙasashe da dama na Afirka. Ga matan da ke sana'a a cikin gida, waɗanda zirga-zirgar ofis ba ta yi musu ba, ina ganin ya fi rajistar gaggawa amfani, in ya so bayan shekara biyu a yi rajistar da littafi a hannu.

Haɗin jari

Wannan aure ne, kuma an fi yin sa da wanda ake jin kunya: aboki, ɗan'uwa, suruki. Kunyar nan ce ke kashe shi. Ba a iya cewa "mu rubuta," don kada a ce ba ka yarda da ni ba. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma an saukar da ita ne ga mutanen da suka fi mu amana.

Amfaninsa a bayyane yake. Shi kaɗai ne cikin huɗun zai iya ɗaga ka daga lungu zuwa bakin titi a wata guda. Jari ya ninka, ga wanda zai zauna in ka yi tafiya, ga kai biyu a kan matsala. Amma komai naku ya cakuɗe. A dokar ƙasa, in haɗin jari ne na yau da kullum, bashin da abokinka ya ciyo da sunan shago yana iya bin ka har gida, kuma rajistar sunan kasuwanci kawai a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ba ta raba aljihunka da na shago. Sai kamfani, ko sabon nau'in haɗin gwiwa mai iyakantaccen alhaki da dokar kamfanoni ta 2020 ta shigo da shi, ke yin wannan katanga.

Malamanmu sun daɗe da tsara wannan babi, mu ne ba ma tambaya. In kowa ya kawo kuɗi, a mazhabar Malikiyya riba da faɗuwa suna bin gwargwadon jarin kowa. In ɗaya ne mai kuɗi ɗaya mai aiki, wato ƙiradi, ana raba riba ne da kaso, rabi ko sulusi ko yadda aka shirya. In aka faɗi ba da sakaci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar guminsa. Abin da ya zama ruwan dare yanzu, "ga miliyan ɗaya, ka riƙa ba ni dubu hamsin duk wata, uwar kuɗina kuma tana nan," ba haɗin jari ba ne. Bashi ne da ƙari, an sa masa hula.

Rigimar ba ta cika tasowa daga babban abu ba. Ɗaya yana buɗe shago ƙarfe bakwai, ɗaya sai goma. Ɗaya ya ɗebi shinkafa ya aika gida bai rubuta ba. Ɗaya ya ba ƙanin matarsa bashi. Ɗaya yana so a mayar da riba cikin kaya, ɗaya yana da aure a gaba. Duk wanda zai shiga, ya zauna da abokinsa da shaidu biyu a rubuta abin da kowa ya kawo, albashin mai zaman shago daban da rabon riba, ranar ƙirga kaya, wanda ke da ikon ba da bashi da iyakarsa, da yadda za a rabu in ɗaya ya gaji ko ya rasu, don magada ba su san zumuncin da ke tsakaninku ba, lissafi za su nema. In abokinka ya ji haushin wannan zama, ka gode wa Allah da ya nuna maka tun kuɗinka na aljihunka.

Ƙanena dai da muka zauna da littafinsa, sai ya bayyana ba tari ne ya gagare shi ba. Tsadar sari ce ke cinye shi, ga kwana biyu a mako da yake rufe shago. Ya shiga haɗakar, amma da mutum biyu daga cikin ukun, ya kuma jawo wani mai shago daga unguwar gaba. Adashin ya karɓi hannu ɗaya, da sharaɗin ɗaukarsa ta zo wata guda kafin azumi. Ya ce wa malamin makaranta zai riƙa zuwa taro yana saurare tukuna. Abokin ƙuruciya kuwa, ƙanena ya ce masa su fara saro mai tare na wata shida kowa da kuɗinsa, abin da ya sa abokin ya yi mako biyu ba ya amsa gaisuwarsa da kyau.

Shekaranjiya na biya ta shagon na tarar su huɗu a tsaye kan buhun sukari da ya yage a mota, ana ta kai-kawo kan wanda zai ɗauki asarar kwano biyu. Wannan ce kaɗai maganar da suka manta ba su yi ba tun farko.